Baba Tsoho Mai Gyaran Keke: Tudun Wada da Mutanen da Suka Ɗauke Ta





Da aka nemi in yi magana a kan tarihin Tudun Wada, na san sunayen da ake sa ran ji daga bakina: Alhaji Abubakar Imam, Malam Sa'adu Zungur, Hajiya Gambo Sawaba, da sauran manyan da suka yi zamani a Zariya. Sun cancanci a ambace su, kuma an ambace su. An rubuta littattafai a kansu, ɗalibai sun yi digiri da tarihinsu, an sa wa tituna da asibitoci sunayensu. Ni mutumin da na zo da shi yau ba a taɓa buga sunansa a jarida ba, ko ranar da ya rasu. Kakana ne, wanda ya haifi mahaifiyata, sana'arsa gyaran keke. Iyali sun roƙi in sakaya sunansa, don haka zan kira shi yadda mu jikoki muke kiransa, Baba Tsoho. Na ga wasu dattawa a sahun gaba suna gyaɗa kai, sun riga sun gane shi.

Maganata guda ce. Garin da ya buga wa Arewa jaridarta da littattafanta bai rubuta labarin masu aikinsa ba, kuma lokacin yin hakan yana ƙure mana.

Tudun Wada gari ne da aiki ya haifa. Turawa sun shigo Zazzau a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma kafin a jima Zariya ta zama mahaɗa: layin Kano, ƙaramin layin da ke hawa Jos wanda aka rufe a 1957, da layin Gusau zuwa Ƙauran Namoda da aka gama a 1929. Jirgi ya jawo mutane, su kuwa Turawa suka tsara wa kowa inda zai kwana. Birni na Zazzagawa. Sabon Gari, a ƙetaren Kubanni, akasari na mutanen Kudu. Tsakanin Ƙofar Doka da kogin kuma aka bar wa 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba, wato Katsinawa, Kanawa, Sakkwatawa, Nufawa, Barebari da sauransu. Kusan kowane gida a nan, in ka bi salsalarsa, za ka tarar da wani mutum da ya zo da tabarma da buta neman abin yi.

Abin yi kuwa ya samu, amma a warwatse. Akwai tashar jirgi da injin gurzar auduga. Akwai asibitin nan namu na Tudun Wada. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. An buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo a 1947. Kwalejin da muke kira Barewa ta dawo Zariya a 1949. Kamfanin taba ya zo, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962. Mutum yana kwana a Tudun Wada, aikinsa yana Sabon Gari ko Tukur-Tukur ko Samaru, kuma dole ya isa kafin a buga ƙararrawa. Mota ta Bature ce da manyan En'e. Abin da ya haɗa gidan ma'aikaci da wurin aikinsa shi ne keke. In keke ya kwanta, masinja bai kai wasiƙa ba, malami bai shiga aji ba, mai jera haruffa bai tsaya gaban akwatinsa ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne matsayin Baba Tsoho a tarihin garin nan.

Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ya zo, bayan an gama yaƙin Hitila, a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru. Cin rani ya zo yi, da niyyar komawa in ruwa ya sauka. Ya fara da dako a tasha, buhunan gyaɗa da dilolin auduga. Wani Bayarabe mai gyaran keke a Sabon Gari ya lura da yaron da kullum in an tashi aiki yake tsugunawa gefe yana kallon hannunsa, ya miƙa masa famfo ya ce ya buga iska. Daga nan bai sake komawa gona ba sai ziyara.

Koyon sana'a a wancan zamani yana da matakai, ba a tsallake ɗaya. Yaro zai daɗe yana buga iska da share wuri. Sai a ba shi wanke boris da kananzir. Sai faci: a hura tiyub, a tsoma cikin kwanon ruwa har ƙwayar iska ta nuna inda ya huje, a kankare wurin, a shafa sholisho, a jira ya sha iska kafin a manna. Mai gaggawa ba ya iya faci, domin in ka manna da ɗanyen sholisho, kafin mai keke ya kai Agoro ya dawo maka. Bayan faci sai birki, sai kaca, sai feda. Na ƙarshe shi ne ɗaurin wili, wato a ba ka gangar ƙarfe da tarin sifok ka haɗa ƙafar keke da za ta juya ba tangaɗi. Ranar da ya ɗaure wilin da maigidansa ya juya bai ce komai ba, ranar ya san ya iya. Da lokacin yaye ya yi, maigidan ya ba shi famfo da sifana da gwangwanin gires, ya sa masa albarka. Har ya rasu, in ya ambaci wannan Bayarabe sai ya ce "ubangidana", ya yi masa addu'a.

Ya kafa bencinsa a gindin wata dalbejiya a nan Tudun Wada. Benci ne, da akwatin katako mai kwaɗo, da kwanon ruwa, da tsofaffin tayoyi rataye a reshe don mai wucewa ya gane. Ni na tashi na ga yana gyara wili da kunne. Zai juya shi, ya riƙa taɓa sifok ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, daga ƙarar ya san wanda ya saki. Raleigh ɗan Ingila shi ne sarkin kekuna a wurinsa, yana kama shi da ladabi. Da Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika gari, ya karɓe su, ya koyi halinsu, amma bai daina cewa ƙarfen da ya fi nauyi ba.

Yawancin masu kawo masa gyara 'yan albashi ne, albashi kuwa sai ƙarshen wata. Saboda haka rabin aikinsa bashi ne. Yana da wani littafi da yake rubuta bashin da ajami, sisi, taro, sule, kowa da shafinsa. Boko kuwa sai da girmansa ya koya, a ajin Yaƙi da Jahilci na yamma a shekarun 1950, lokacin da hukumar NORLA ke buga ƙananan littattafai a nan Zariya don irinsu. Daga nan ya zama mai sayen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a watan Janairu na 1939. Ya kan karanta da ƙarfi, a hankali, yana bin layi da yatsa mai baƙin mai, masu jiran gyara suna saurare. Wani lokaci wanda ya jera haruffan shafin da hannunsa yana zaune a kan bencin, yana jiran a gama masa faci. Mun san wanda ya rubuta sharhin jaridar. Wanda ya jera haruffan, da wanda ya gyara keken da ya kai shi wurin aiki, ba mu da ko sunayensu a takarda.

Akwai wani keke da muka tashi muka gani rataye a zauren gidansa, ba a hawa, ba a ara. Na wani saurayi ne lebura da ya kawo gyara a 1967, ya ce zai dawo ya karɓa, sai ya wuce Depot ya shiga soja aka tafi da shi fagen daga. Yaƙi ya ƙare a 1970, mai keke bai dawo ba. Mutane suka ce ya sayar ya cire kuɗin aikinsa. Ya ƙi. Duk shekara sai ya sauke shi, ya shafa masa mai, ya juya ƙafafun, ya mayar. Yana ta cigiya wurin direbobi da fatake har aka gano dangin yaron a wani ƙauye ta wajen Soba. Da kansa ya tuƙa keken ya kai wa mahaifinsa, bai karɓi ko kwabo ba. Ba shi ya ba mu wannan labari ba, kakarmu ce.

Zamani ya yi ta juyawa a gaban bencin. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, ya yi makonni yana miƙe ƙafafun kekunan da suka yi karo. A 1973 fam da sule suka tafi, naira da kwabo suka zo, ya sake lissafin littafinsa gaba ɗaya. Wanda ya fi taɓa shi shi ne Udoji. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawara a 1974, masinja da akawu suka jingine keke suka hau Honda da Vespa. Cinikinsa ya ragu ƙwarai. Abin da ya yi a nan ya isa a yi nazari. Ya tara yaransa ya ce su je su koyi gyaran babur, shi da kansa ya kai su wurin bakanike ya damƙa su. Shi kuwa ya zauna a kan abin da ya sani, ya koma gyara wa 'yan makaranta, da manoman da ke shigo da kaya kasuwa, da kurar 'yan ga-ruwa. Keken guragu bai taɓa karɓar ladansa ba. Da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a jihar Kaduna a 1979, ya buɗe wani gwangwani ya nuna wa 'ya'yansa rasit ɗin harajin da ya biya tun zuwansa garin, babu shekarar da ta yi giɓi. Bayan 1986, da tsarin tattalin arziki na SAP ya sa kayan gyara suka yi tsada, mutane suka dawo neman wanda ya iya raya tsohon abu, suka same shi inda suka bar shi.

Wannan rabin aikinsa ke nan. Ɗaya rabin mu ne.

Iyayenmu da ke nan sun san yadda gidan Bahaushe yake. Uba yana da alkunya, musamman ga ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ko yana son sa kamar ransa. Wannan kunya tana da kyau, amma tana barin wani gurbi, kuma al'ada ta ba kaka wannan gurbin. Kaka abokin wasa ne. Jikanya mace amaryarsa ce, jika namiji abokin takararsa ne da ya zo ƙwace masa mata. Kana iya ja masa gemu, ka ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ya ce ka zo ka biya kuɗin tuwon da ka ci. In watan cika-ciki ya kama a yi ta rigimar kuɗin shara. A cikin wannan wasa ne yaro yake faɗin abin da ba zai iya faɗa wa ubansa ba. Wanda ya faɗi jarrabawa, wanda ya fasa tulu, wadda ba ta son mijin da ake shirin ba ta, duk wurin Baba Tsoho ake fara kai magana, shi kuma ya san yadda zai shigar da ita cikin gida ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Gidansa ba ya rabuwa da yara. 'Yar da aurenta ya mutu ta dawo da nata, ɗan da ya rasu ya bar nasa, har da jikokin maƙwabta da ba a bambanta su da mu a kwano. Da asuba in ya dawo masallaci shi ke tashe mu zuwa makarantar allo. Da aka fara shirin UPE na ilimin firamare a 1976, wasu abokansa suka ce su ba za su kai 'ya'ya mata boko ba. Bai yi gardama da kowa ba. Ya ɗora jikanyarsa ɗaya a kariya, ɗaya a gaba, ya kai su aka rubuta sunayensu, kuma ya ci gaba da kai su kowace safiya kafin ya buɗe akwatinsa, alhali safiya ita ce lokacin cinikinsa. Abin da ya rasa na kuɗi a waɗannan safiyoyi ba kaɗan ba ne ga mai cin yau da na yau. Ɗaya daga cikin yaran nan ta zama ungozoma, ta karɓi haihuwar wasu da ke zaune a wannan ɗaki.

Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki yaro ba. In ka yi laifi, sai ya kira ka benci ya ba ka aiki, ka wanke boris ko ka riƙe masa wili, yana aiki yana yi maka magana ƙasa-ƙasa har ka faɗi gaskiya da bakinka. Wata rana mahaifiyata ta kawo masa ƙarar ƙanena tana kuka, ta ce duka ya ƙi yi masa magani. Ya ce mata yaro kamar wili yake, in ka matse sifok ɗaya da ƙarfi don ka miƙe nan, can ne zai karkace, sai dai a bi shi kaɗan-kaɗan ta kowane gefe. Ya karɓi yaron ya zauna wurinsa. Yau shi ne ke riƙe da gidan.

Malamanmu sun fi ni sanin cewa wannan hali yana da asali a addini. An ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana salla ɗauke da jikanyarsa Umama, kuma an ruwaito yadda Hasan da Husaini suke hawa bayansa. An kuma yabi Annabi Dawuda da cewa daga aikin hannunsa yake ci. Baba Tsoho bai yi zurfi a karatu ba, amma waɗannan biyun ya riƙe su har ƙarshe.

Tsufa ya zo masa ta ido. Yana ta fara rufe masa gani, ya koma aiki da lalube da kunne, har ranar da ya miƙa wa babban yaronsa makullin akwati. Ba shi da fansho, ba shi da garatuti, domin bai taɓa zama ma'aikacin kowa ba. Yaran da ya yaye su suka riƙe shi, wannan ya aiko da hatsi, wancan ya biya magani, jikoki muna karɓa-karɓar kwana wurinsa. Ya rasu a zamanin Sarki Shehu Idris, kafin asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005. A zaman makoki aka yi shela ko akwai mai bin sa bashi. Babu wanda ya tashi. Waɗanda suka tashi masu cewa ne shi yake bin su, wasu tun zamanin sule, suka zo biya.

Ina faɗin wannan da damuwa, domin abin da ya riƙe shi a tsufansa yana sassautawa. Mafi yawan masu aiki a ƙasar nan har gobe ba 'yan albashi ba ne, masu sana'ar hannu ne da 'yan kasuwa da manoma. Dokar fansho ta 2004 ma'aikatan ofis da kamfani ta fi shafa. An ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho don masu zaman kansu a 2019, amma ku zaga bakin kasuwa ku tambayi masu faci da teloli da kafintoci wa ya shiga. 'Ya'ya kuma sun watsu Kaduna da Abuja da Legas. Gidajen da muke ginawa yanzu ba su da zaure, ba su da ɗakin tsoho. Jika yana ganin kakansa ranar Salla, ko ta waya. Yaro ya rasa wurin kai ƙara, tsoho ya rasa mai ja masa gemu, kuma kowannensu yana cutuwa.

Sana'ar ma tana neman magada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, na ga malamai da ma'aikata sun kakkaɓe tsofaffin kekuna sun dawo da su titi. Masu faci suna nan. Amma wanda zai ɗaure maka wili daga farko, sai ka yi cigiya. Matasanmu masu takardar digiri da difloma, ba na ce ku ajiye takardunku ba, da guminku kuka same su. Ina ce ne kada ku ji kunyar benci. Kuɗin faci ne ya sayi allo da littafin da yawancinmu muka fara karatu da su.

Wani zai ce rayuwar mai gyaran keke ba tarihi ba ce. A nan ƙasar Zazzau aka ba da amsar wannan. Tsakanin 1949 da 1950, wani masani, M. G. Smith, yana binciken sarautar Zazzau, aikin da ya zama littafin da ya fito a 1960. A daidai lokacin matarsa, Mary Smith, ta zauna a Giwa da wata tsohuwa talaka ana ce mata Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa: aure, kishi, bauta, harin mahara, zuwan Turawa, goyon 'ya'yan wasu. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da an yi jinkirin shekara biyu, da babu shi. Baƙuwa ce ta yi mana wannan da alƙalami da takarda. Mu da muke 'yan gida, kowa da waya mai ɗaukar murya a aljihu, ba mu da hanzari.

Na Baba Tsoho, abin da ya rage shi ne ɗan abin da na faɗa muku da wanda 'yan'uwana suka riƙe. Littafin bashinsa na ajami yana nan, gwangwanin rasit yana nan. Muryarsa babu. Amma akwai sauran tsaransa da ƙannensa a raye a lungunan Tudun Wada da Tudun Jukun da Gyallesu: tsofaffin ma'aikatan jirgi, masu jera haruffa, direbobin gingimari, teloli, magina, da iyayenmu mata da suka aurar da 'ya'ya da kuɗin ƙosai da ƙuli-ƙuli. Ku je ku zauna da su. Ku tambaye su wa ya koya musu sana'a, nawa ne ladansu na farko, ina suka fara sauka da suka zo garin nan, me ya faru a unguwa a 1966, yaya aka ci yunwar 1973. Ku bar su su yi magana da Hausarsu, kada ku katse su. Ku rubuta sunan kowane kayan aiki yadda suke faɗinsa. In an tara, mu nemi sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ko Gidan Arewa da ke Kaduna a ajiye kwafi, a bar wani a unguwa. In kuma za ku je, ku tafi da 'ya'yanku, su zauna kusa da tsohon su ji da kunnensu.

Mai girma shugaba, ina roƙon kafin a tashi daga wannan zama a zagaya da takarda, kowane matashi ya rubuta sunan dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya da zai ziyarta, da ranar da zai je. Iyayenmu na sahun gaba, ku yi haƙuri ku buɗe musu ƙofa. Allah ya jiƙan Baba Tsoho da dukkan magabatanmu, ya sa aljanna ce makomarsu.